Tarihin Malaman Lafiya a Ƙasar Hausa, da Yadda Hawan Jini Ya Sake Musu Aiki

A cikin sana'o'in ƙasar Hausa, waɗanda galibinsu gado ne, ɗa ya tashi ya tarar da ubansa yana yi shi ma ya ɗauka, kamar ƙira da jima da dukanci da wanzanci, akwai wata guda wadda ba a gadonta, wadda kuma shekarunta ba su wuce ɗari da kaɗan ba, amma yau da wuya ka shiga wata gunduma, komai nisanta da birni, ba ka sami mai yin ta ba. Ita ce sana'ar malamin lafiya, mutumin nan da bai kai matsayin likita ba, amma shi ne talaka ke fara gani in jiki ya ƙi daɗi, shi ne kuma hukuma ke aikawa in tana da saƙon da take so ya shiga zaure ya wuce har tsakar gida. An kira shi da sunaye iri iri gwargwadon zamani, malamin asibiti, da malamin tsabta, da duba-gari, da ma'aikacin lafiya na karkara, kuma kowace annoba da ta zo takan sake masa fasalin aiki. Sai dai a ganina babu cutar da ta girgiza tushen wannan sana'a kamar hawan jini, domin ta zo masa da sharuɗɗan da suka saɓa wa kusan dukan abin da ya shekara hamsin yana koya wa jama'a.

Kafin zuwan Turawa ba a rasa masu kula da lafiyar jiki ba. Akwai wanzami mai ƙaho da tsaga da cire beli, akwai ungozoma, akwai maɗori, akwai boka da mai saiwoyi, sa'an nan akwai malamai masu rubutu da addu'a, waɗanda wasunsu suka yi zurfi cikin ilmin ɗibbu irin wanda ke cikin littattafan Larabawa. Shugabannin jihadi da kansu ba su ɗauki wannan fanni abin rainawa ba, gama Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addini da jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa ya bar talifi da dama a kan magunguna. Mutanen wancan zamani sun san jini yana da hannu cikin ciwo, shi ya sa in kai ya yi nauyi ko gaɓoɓi sun yi tsami sai a kira wanzami ya kafa ƙaho a ƙeya ya zuƙe abin da ake kira mataccen jini. Abin da ba su da hanyar sani shi ne ƙarfin da jini ke yi a kan bangon jijiya, don haka idan dattijo ya kwanta lafiya ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi, sai a danganta abin ga iska ko sammu, ko a ce ya gamu. Babu laifinsu cikin wannan ko kaɗan, domin su Turawan ma sai a 1896 wani likitan Italiya mai suna Riva-Rocci ya ƙago ɗamarar nan da ake naɗawa a damtse ana hura mata iska, sai kuma a 1905 wani likitan soja na Rasha, Korotkoff, ya gano yadda ake sauraron bugun jijiya a karanta lambobi biyu, ta sama da ta ƙasa, waɗanda har gobe su ake karantawa.

Da mulkin Turawa ya zauna, aka shiga gina asibitoci a manyan garuruwa da kuɗin baitulmalin En'e, sai aka ga likitoci ba su fi a ƙirga da yatsu ba, alhali ƙasa tana da faɗi, cututtuka kuma ba sa jiran kowa. Dalili ke nan da ya sa a wajejen 1930 aka buɗe makarantar koyar da haɗa magunguna a Zariya, a 1932 kuma aka kafa makarantar tsabta a Kano, inda aka riƙa ɗaukar samarin da suka yi elementare ko midil ana horar da su, a tura wasu ɗakunan shan magani na gundumomi, wasu kuma a ba su kakin duba-gari. Tsofaffi har yanzu suna ba da labarin yadda gida kan rikice in an ce ga duba-gari nan tafe: mata su yi ta zubar da ruwan randa don kada a ga tsutsa a ciki, a share tsakar gida a gurguje, a rufe bakin masai, domin an san in ya rubuta sunan mai gida sai gaban alƙali, sai tara. Kwarjininsa daga sarki ya samo shi, dogari ko ɗan doka na biye da shi, mai unguwa na nuna masa ƙofa. Haka ma ma'aikatan ciwon barci, waɗanda ke tara gari guda da umarnin hakimi, a jera mutane sahu sahu ana lalubar wuyansu ana neman kaluluwa. A ƙasar Anchau ta lardin Zazzau ma, daga ƙarshen shekarun 1930, har sai da aka sare dazuzzukan bakin rafi saboda ƙudan tsando, aka tashi mutane daga tsofaffin matsugunansu, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai allura ta shigo da ƙarfinta. Mutumin da gyambo ya ci masa ƙafa, ko yaron da ciwon huhu ya kai shi bakin kabari, a yi masa allurar fenisilin, cikin 'yan kwanaki ka gan shi yana yawo, to, wane wa'azi ne zai fi wannan shiga zuciya? Ƙarshen wannan babi shi ne yaƙin da aka yi da agana, wanda aka soma a Afirka ta Yamma a 1967, 'yan lamba suna bin kasuwanni da ƙauyuka da bindigar allura, har ya zama bayan 1970 ba a sake jin ɗuriyarta a Nijeriya ba. Waɗannan nasarori ne na haƙiƙa, bai kamata a rage musu daraja ba. Amma sun dasa wa jama'a aƙida guda biyu waɗanda suka kafu ƙwarai: ta fari, cuta aba ce mai bayyana kanta, da zazzaɓi ko ƙuraje ko kumburi, ta biyu, magani abu ne da ake sha a gama, in an warke a ajiye. Malamin asibiti kansa a kan wannan aka horar da shi, kuma a kansa mutuncinsa ya tsaya.

A duk tsawon wannan lokaci ba mai neman hawan jini, domin likitocin mulkin mallaka sun tafi a kan cewa ba ciwon baƙar fata ba ne. Wani likita mai suna Donnison ya auna maza 1,000 a ƙasar Kenya, kusa da tafkin Biktoriya, ya buga sakamakonsa a 1929, inda ya nuna jininsu ba ya hawa da tsufa kamar yadda na Turawa ke yi, aka kuwa riƙe wannan magana shekaru da yawa tamkar hukuncin da ya game nahiya duka. Mai yiwuwa abin da ya gani gaskiya ne game da mutanen da ya auna, manoma masu aikin ƙarfi da ƙarancin gishiri, amma kuskure ne a yi ƙiyasin Kano ko Ibadan da su. Ko da an nemi cutar ma, a lokacin babu wani magani mai sauƙi. Shugaban Amurka Roosevelt, duk da likitocin da ke kewaye da shi, hawan jini ne ya fasa masa jijiyar ƙwaƙwalwa a 1945, ƙwayoyin da ke sa fitsari su saukar da jini kuwa sai ƙarshen shekarun 1950 suka fito. Wanda ya fi kowa ƙoƙarin rushe waccan tsohuwar fahimta a nan ƙasar shi ne Farfesa Oladipo Akinkugbe na Ibadan, wanda ya bi birni da ƙauye yana awo, ya kuma wallafa littafi sukutum a kan hawan jini a jikin mutumin Afirka a 1972, kafin daga baya ya zo ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello na ɗan lokaci.

A ita wannan jami'a ta Zariya aka yi wani bincike da ya shafi ɗakunan iyayenmu kai tsaye, wanda kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Likitocin asibitin koyarwa, musamman Farfesa Parry da abokin aikinsa Davidson, sun lura a shekarun 1970 cewa mata masu jego suna zuwa da yawa da kumburin ƙafa da haki da gazawar zuciya, yawan da ba a saba ganin irinsa a wasu ƙasashe ba, kuma abin ya fi tsanani a lokacin zafi. Da suka bi diddigi sai suka tarar da al'adar da kowa ya sani: wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa mai kauri don a sami nono a kuma kori sanyi. Ita kanwa, sinadarin da ke cikinta ɗan'uwan wanda ke cikin gishiri ne, yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru, zuciyar da ta riga ta gaji da ɗawainiyar ciki ta kasa ɗauka, da yawa daga cikin matan kuma aka same su jininsu a sama. Kakar da ke dama wannan kunu ƙauna ce ta sa ta, tana yin abin da aka yi mata ne, saboda haka wanda zai ce mata ta rage kanwa lalle ya zama mutum ne da take jin nauyinsa, ya kuma san yadda ake magana da manya. Tarar duba-gari ba ta da amfani a nan, allura ma haka.

Batun gishiri kuwa shi ma yana da nasa tarihi. Da can kaya ne mai daraja, wanda ayarin Azbinawa ke ɗaukowa daga Bilma da Fachi a kan raƙuma, kantu kantu, a ratso Tenere da shi a kawo kasuwannin Damagaram da Katsina da Kano, kanwa da manda kuma su fito daga ƙasar Manga da bakin tafkin Cadi. Mai ɗaki takan gutsura kaɗan ta jefa a miya, sauran ɗanɗano kuwa daddawa ce ke bayarwa. Yau gishiri ya fi kusan komai araha a kasuwa, ga ɗunƙulen sinadarin miya da ake marmasa uku ko huɗu a tukunya guda bayan an riga an zuba gishirin, ga taliyar leda da garin ɗanɗanonta, ga yajin tsire da na ƙuli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada abin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke ɓoye cikin abincin saye. In ka haɗa wannan da zaman birni, inda babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, ƙiba ta zama alamar wadata, ga taba, ga tunanin abin da za a ci gobe, sai ka ga ba abin mamaki ba ne jinin jikan ya fi na kakansa hawa.

Irin malamin lafiyar da zai iya wannan sabon aiki, wanda ke zaune cikin mutane yana koyarwa, an soma gwada shi tun kafin a san za a buƙace shi don hawan jini, kuma ƙasar Hausa na cikin wuraren da aka fara. A jihar Maraɗi ta Nijar, tun shekarun 1960, aka riƙa sa ƙauye ya zaɓi mutum daga cikinsa, a koya masa ba da maganin zazzaɓi da wanke ido da ɗaure rauni cikin 'yan kwanaki, a ba shi ɗan akwatin magani, a kuma ƙara wa ungozomomi sani kan tsabtar yanke cibiya; wannan tsari ya yi suna har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin misalan da ta tattara a wani littafi a 1975, tare da na Sin da wasu ƙasashe. A Garkiɗa ma, a tsakiyar shekarun 1970, an horar da mutanen ƙauye su koyar da lafiya ta hanyar labari da wasan kwaikwayo, don an lura abin da aka ji a labari ya fi zama a ka. Sa'an nan a watan Satumba na 1978 ƙasashe 134 suka taru a Alma-Ata suka amince cewa lafiya a matakin farko ita ce ginshiƙi, suka yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekara ta 2000. A Nijeriya an buɗe makarantun koyon aikin lafiya a jihohi a ƙarshen shekarun 1970, amma wanda ya hura wa abin rai shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, wanda ya fara da ƙananan hukumomi 52 a matsayin zakaran gwajin dafi, ya fito da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, aka kuma kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko a shekarar da ya bar aiki.

Hankalin wancan zamani a kan yara da masu ciki yake, kuma daidai ne, domin su mutuwa ta fi ɗauka. Duk wanda ya yi wayo a lokacin ya haddace darasin ruwan gishiri da sukari: kwalbar lemo biyu ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, goma na sukari, a riƙa ba yaro mai gudawa kaɗan kaɗan. Allah kaɗai ya san rayukan da wannan ɗan darasi ya tsirar. Amma uban yaron da kakarsa ba wanda ya naɗa musu ɗamara a damtse, sai fa mai ciki in ta je awo, saboda tsoron jijjiga. Da aka waiwayo sai aka tarar ɓarna ta yi nisa: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna masu hawan jini a duniya sun ninka, daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa. Tun da babu ranar da likitoci za su wadaci wannan adadi, sai aka koma ga malamin lafiya. A 2014 Nijeriya ta amince da manufar sauke wasu ayyukan likita a kan ƙananan ma'aikata, a ƙarshen 2020 kuma aka ƙaddamar da shirin yaƙi da hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun, bisa ƙa'ida mai sauƙi: a auna duk baligin da ya shigo, ko da ciwon haƙori ya kawo shi, a fara da ƙwaya ɗaya, amlodifin, in ba ta isa ba a ƙara wata, wanda abinsa ya faskara a tura shi babban asibiti.

Wanda ya zauna a benci a irin waɗannan ɗakunan sha-ka-tafi zai ga inda wahalar take. Dattijo ya shigo, a ce ya zauna ya huta kamar minti biyar, ya jingina bayansa, ya sauke ƙafafu ƙasa, ya ɗora hannu a tebur, a naɗe hannun rigarsa, kada ya yi magana. Na'ura ta matse ta saki, lamba ta fito, a sake aunawa. Malamin ya ce, "Baba, jininka ya hau, ya wuce 140 bisa 90 da nisa. Ka dawo wani makon mu sake dubawa, in yana nan sai mu fara magani." Dattijo ya dube shi ya ce, "Ɗan nan, ai ni lafiyata lau. Jiya ma a gona na yini. Ko kaina ba ya ciwo." Idan aka ci sa'a ya karɓi maganin, tambayar da za ta biyo baya ita ce kwana nawa zai yi yana sha, amsar kuwa ita ce mai nauyi, domin sai a ce masa ba a dainawa, ko da lamba ta sauka, gama maganin ne ya saukar da ita. A nan malami nagari kan ajiye biro ya yi bayani da abin da manomin rani ya sani, ya ce tiyon ban-ruwa in injin ya yi masa ƙarfi ba ya kuka, yana nan yana aiki har ranar da zai tsage a inda ya fi rauni, a jikin mutum kuwa wuraren nan su ne ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da ido. Sa'an nan ya nemi a turo masa uwargida ko surukar da ke girki, don ya san maganar gishiri da mai gida kaɗai ba ta isa madafa.

Akwai kuma shubuhar da takan taso ta fuskar addini, inda wani zai ce ajali ba ya wuce lokacinsa, mene ne amfanin mai lafiya ya ɗora wa kansa ƙwaya har mutuwa? Malamanmu sun daɗe da warware wannan mas'ala, cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kiyaye rai kuma yana cikin manyan manufofin shari'a, jiki amana ne da za a tambayi mutum a kansa. Ma'aikatan da suka fahimci garinsu sukan kai wa liman gaisuwa tun kafin su kafa tebur, darasin da aka koya da wahala lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, har sai da sarakuna da malamai suka sa baki kana aka dawo hanya. Shi ya sa yanzu za ka ga ana awo a ƙofar masallaci bayan an sauko Juma'a, ko a makarantun Islamiyya na matan aure, ko ranar 17 ga Mayu da aka keɓe don wannan cuta. In azumi ya gabato kuma sai a yi ta tambaya, a amsa cewa ƙwayar da ake sha sau ɗaya a yini ana iya mayar da ita lokacin buɗa-baki ko sahur bisa shawarar mai duba mutum, ba a ajiye ta don Ramadan.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne sau da yawa malamin yakan yi nasa, ya shawo kan dattijon, sa'an nan tsari ya ci amanarsu su biyu. Wata ya ƙare, mutum ya biya kuɗin mota ya zo, a ce magani ya yanke, ya je kemis, a kemis kuwa farashin ya fi ƙarfin aljihunsa, sai ya sayi na kwana biyar ya riƙa sha ranar da ya ji kansa na sarawa. A bakin tasha kuma ga mai lasifika yana rantsuwa cewa jarka ɗaya ta tsiminsa tana raba mutum da hawan jini har abada, wanda kuwa shi ne ainihin alkawarin da kunne ya saba ji tun zamanin allura. Zoɓo da tafarnuwa da zogale da mutane ke ambato, bincike ya nuna zoɓo yana ɗan rage jini kaɗan in ba a cika masa sukari ba, amma ba ya tsayawa a madadin magani ga wanda jininsa ya yi sama sosai. A ƙa'idar aikin, ƙaramin ma'aikacin lafiya ya kamata ya yi mafi yawan lokacinsa cikin unguwa yana bin gidaje, amma ƙarancin ma'aikata ya ɗaure shi a ɗaki, shi ne mai karɓar haihuwa, shi ne mai rigakafi, shi ne mai cika rajista, wanda bai dawo karɓar magani ba kuwa sai an sami mai bin sawunsa. Domin toshe wannan giɓi ne aka ƙaddamar da wani shiri a Lafiya ta jihar Nasarawa a 2018, na ɗaukar mutanen unguwa, galibinsu mata, su riƙa shiga gida gida, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a inda namiji baƙo ba ya wuce zaure. A Nijar ma ƙananan ɗakunan lafiya na ƙauyuka da aka yawaita ginawa tun farkon shekarun 2000 suna da nasu 'yan sa-kai masu irin wannan zagaye. Galibin waɗannan mata an horar da su ne a kan masu ciki da ƙananan yara, alawus ɗinsu kaɗan ne kuma yakan makara, na'urar awon jini da batirinta kuwa har yanzu ba ta shiga jakar mafi yawansu ba.